Bututun Motar Baba Ladan

Ina kwance a ƙarƙashin wata sabuwar mota ina fama da notin tukunyar mai, sai na ga ƙafafun Mamman Direba sun tsaya daidai kaina, takalmansa duk taɓo. Bai yi sallama ba, abin da bai taɓa yi ba.

"Isiyaku, fito," ya ce.

"Bari in kwance wannan notin."

"Bar notin nan. Maigidanka ne. Baba Ladan ya rasu."

Na fito da sifana a hannu. Na ce wane Baba Ladan, alhali Baba Ladan ɗaya ne a duk Tudun Wada, mutumin da ya koya mini kanikanci. Da hantsin ranar ya wuce ta gaban garejina a motarsa, ya danna mini oda sau biyu kamar yadda ya saba. Mamman ya ce an same shi a gefen hanya wajen Dutsen Abba, bayan ruwan azahar ya ɗauke. Ba karo, ba faɗawa rami. Mota tana tsaye daidai, gilasai a rufe, inji yana ta aiki shi kaɗai, Baba kuma yana zaune ya jingina kai da ƙofa, hularsa a cinya. Masu wucewa sun ɗauka barci yake yi. Kafin magariba mun kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa.

Ku da kuke koyon aikin nan yanzu, na ji ɗayanku kwanan baya yana cewa tiyon da ke saman inji ba wani abu ba ne, roba ce kawai, in ta tsage a naɗe ta da leda. Shi ya sa na ɗauki biro. Ni ba mai yawan karatu ba ne, aji huɗu na yi na bari, amma zan faɗa muku yadda abin ya kasance.

Ga yadda yake. Fetur yana ƙonewa a saman fistin. Ba duk hayaƙin ke fita ta salansa ba. Wani yana sulalewa ta gefen zobban fistin ya gangara cikin inji, can ƙasa inda baƙin mai yake kwance. Idan inji sabo ne, ɗan kaɗan ne. Idan ya tsufa, zobba sun ci, hayaƙin yana da yawa, kuma dole ya sami hanyar fita. Motocin da, irin waɗanda muka koyi aiki a kansu, bututun ƙarfe ake yi musu daga gefen inji ya sauka har ƙarƙashin mota, bakinsa a yanke a karkace. Idan mota tana gudu, iskar da ke wucewa ta ƙasa ita ke jan hayaƙin ta tafi da shi baya. Idan ta tsaya, babu mai jansa. Sai ya yi ta tashi a hankali yana neman inda zai shiga.

Aikin farko da ya sa na gane muhimmancin bututun nan, motar wani ma'aikacin jirgin ƙasa ce, tun ina hannun Baba. Mutumin ya yi sabon daɓen siminti a ƙofar gidansa, bututun kuma yana ɗiga masa baƙin mai a kai. Sai ya samo totuwar masara ya toshe bakin, ya buga ta da guduma. Kwana huɗu ya zo mana da mota tana zubar da mai ta gaba, ta baya, ta murfin sama, har sandar awon mai ta yi tsalle daga mazauninta. Baba ya sa ni na shiga ƙasa na zaƙulo totuwar da filaya, ya karɓa ya miƙa wa mutumin a tafin hannu.

"Malam, ga likitanka," ya ce. "Gobe ka toshe hancinka da ita mu ga ta inda za ka fashe."

Haka yake koyarwa. Shekara tara na yi a ƙarƙashinsa, shekara biyun farko ban taɓa inji ba sai wankin noti da kananzir. Ba ya bayani sau biyu. Zai ɗora ƙarshen sukudireba a jikin inji, ya manna kunne a ƙotar, ya ce lamba uku ce ke ciwo, kuma in an buɗe lamba ukun ce. Ranar da ya sallame ni ya ba ni sifana guda shida da jak ɗinsa na biyu, ya ce in je in ci abinci, amma kada in taɓa sa hannu a aikin wani bakanike sai da izininsa. Wannan doka kowa a cikinmu ya san ta, kuma ta fi ƙarfi idan aikin na maigidanka ne.

Motarsa baƙa ce, mai dogon gaba, ta Ingila. Wani Bature ne ya bar masa ita tun kafin a ba mu mulkin kai. Ba wanda ke taɓa ta sai shi. Batirinta ya daɗe da rauni, shi ya sa galibi da ƙarfen murɗawa yake tayar da ita ta gaba, kuma in ta tashi ba ya son kashe ta sai ya kai inda za shi.

Sai ga shekarun man fetur. Aka ƙara wa ma'aikata albashi, sababbin motoci suka cika Zariya kamar an buɗe musu ƙofa. Malamin makaranta da jiya yake kan keke, yau ga shi da mota mai ƙamshin leda. Ni aiki ya yi mini yawa har ina korar wani. Baba kuwa shekarar ta yi masa muni. Masu tsofaffin motoci suka watsar da su, shi kuma ya ce ba ya taɓa waɗannan gwangwanayen. Sai ka wuce garejinsa ka same shi zaune a benci yana goge sifanun da ba su yi datti ba.

A cikin sababbin nan na fara ganin dabarar. Babu bututun ƙasa. Tiyo ne ya taso daga murfin saman inji ya shiga tukunyar tace iska, wadda muke kira iyakilina. Inji da kansa yake zuƙe hayaƙin ya sake ƙone shi, ko mota na gudu ko tana tsaye. Na gwada haɗa wa tsofaffi biyu irin wannan, ya yi kyau.

Shi kuma Baba a lokacin ya riga ya yi wa tasa mota wani gyara. Bututunta na ƙasa yana yawan bugun kunyar hanya a lungunan Tudun Jukun idan damina ta yi, ya lanƙwashe sau uku. Ga shi gwiwoyinsa sun fara ƙin kwanciya a ƙasa. Sai ya yanke bututun, ya murɗo shi sama, ya kawo bakinsa cikin wani gwangwanin madara da ya rataye da waya a jikin bangon da ya raba inji da mazaunin direba. Yanzu daga tsaye yake buɗe bonet ya cire gwangwanin. Man da ya taru yana shafa wa azarar gidansa saboda gara, yana ba maƙwabta su ma. Yana alfahari da abin, duk wanda ya zo sai ya nuna masa.

Wata rana na je gaishe shi na same shi ya ɗaure kai da ƙyalle. Ya ce kwanan nan duk ya dawo daga tafiya sai kansa ya yi ta sarawa, tsufa ne. Na durƙusa na ce, "Baba, da ka ba ni ita yini ɗaya na haɗa mata tiyo zuwa iyakilina, irin na sababbin nan. Hayaƙin gwangwanin nan yana kusa da kai."

Ya dube ni ta saman tabarau.

"Wato in ciyar da injina kashinsa?"

"Ba haka ba ne, Baba, ƙone shi zai yi."

"Isiyaku, wa ya nuna maka inda fulogi yake?"

"Kai ne, Baba."

"To, tashi ka je ka ci gaba da gyaran gwangwanayenka. Nawa gwangwanin ya ishe ni."

Mutanen da ke wurin suka yi dariya, ni ma na yi. Ban sake tayar da maganar ba. Wata biyar ke nan kafin ranar da Mamman ya zo.

Kashegarin jana'iza, Malam Haruna, babban ɗan Baba, wanda ke koyarwa a firamare, ya ce in je in ɗauko motar, tana can inda aka bar ta. Na murɗa ta ta tashi a karo na biyu. Ban yi nisa ba ruwa ya sauko, na ɗage gilasai. A wani kwari na tarar da ruwa ya cika hanya, motoci sun yi layi, na tsaya ina jira, inji yana aiki. Ban san minti nawa na yi ba. Na fara jin goshina kamar an ɗaure shi da igiya. Sai hamma, sai wani irin nauyi mai daɗi a ido, kamar in jingina kai da ƙofa in ɗan huta. Har na fara jinginawa. Da na ji sanyin ƙarfen ƙofar a kunnena sai na tuna yadda Mamman ya ce an sami Baba.

Na buɗe ƙofa na faɗo cikin ruwa, na yi amai a bakin hanya. Wani direban babbar mota ya leƙo yana cewa da safen nan har an sha. Ina da shekara talatin da ɗoriya a lokacin, ƙarfina cikakke, ga abin da ta yi mini a ɗan wannan zama. Baba ya haura saba'in, kuma ruwan ranar ya fi awa guda yana zuba.

Sauran hanyar da gilasai a buɗe na yi ta, ruwa yana dukana, har na shigar da ita rumfar ƙofar gidan Baba. Na buɗe bonet tana aiki. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana tashi daga gwangwanin a hankali. Tazarar ɗan yatsa daga nan akwai ramin da sandar sitiyari ke bi ta shiga ciki, robar da ke rufe shi ta daɗe da ruɓewa ta faɗi. A wuyan salansa kuma, ta wannan gefen, gaskit ɗin da ke liƙe mahaɗarta da inji ya ɗan ƙone yana hurawa. Ni ba likita ba ne, ba a kuma kai Baba asibiti ba. Ban san wanne ya fi yawa a cikin biyun ba. Abin da na sani, duka ta rami ɗaya suke shiga.

Bayan sadakar uku na ja Malam Haruna gefe na gaya masa. Ya ce yana da niyyar idan an gama takaba ya ɗauki mahaifiyarsu da ƙannensa mata a motar ya kai su Funtuwa wurin dangi. Na ce kada wanda ya shiga motar nan sai na gama da ita. Ya ce in yi abin da ya kamata, amma a hankali.

Aikin ba mai wuya ba ne idan ka san shi, amma ba na gaggawa ba ne. Rana ta farko na canja gaskit ɗin salansa, na kwance waya na sauke gwangwanin, na cire bututun da Baba ya murɗa. Sannan dole a yi ɗan akwati a bakin ramin da bututun ya bari a jikin inji, a cusa masa soson ƙarfe, don ya tare ɗigon mai ya mayar da shi ciki, in ba haka ba man zai bi tiyo ya cika kafireta, fulogi su yi baƙi. Soson kuma yana hana wuta komawa cikin inji idan kafireta ta yi tari. Sai a huda murfin iyakilina, mai walda ya liƙa ɗan guntun bututu da tagulla. Sai tiyo. Ba kowane tiyo ba. Na ruwa in ya sha mai, laushi yake yi ya manne, ka koma gidan totuwa ba ka sani ba. In ya yi ƙanƙanta hayaƙi ba zai wuce ba. Irin wanda nake so babu shi a Sabon Gari a lokacin, sai dai a yanko daga sabuwar motar da ta yi hatsari, a Kaduna.

Rana ta biyu na ɗora murfin iyakilina a kan turmi, na yi alama da ƙusa inda zan huda, sai na ji sallama a bayana. Alhaji Sambo ne, wan Baba, daga Gyallesu. Ya yi shekaru yana magatakarda a kotun alƙali kafin ya yi ritaya, kuma shi aka wakilta kan gadon. Ya dubi bonet a buɗe, ya dubi gwangwanin a ƙasa.

"Wa ya sa ka?"

Na durƙusa na gaishe shi, na ce Malam Haruna ya sani.

"Haruna shi kaɗai ya gaji Ladan? Akwai marayu a gidan nan, ƙaramarsu ba ta kai goma ba. Dukiyar mamaci ba a ƙara mata, ba a rage mata, sai an raba. Ko allura ce. Kai ga ka da ƙusa za ka huda."

"Alhaji, motar tana da matsala. Hayaƙi yana shiga ciki. Ni kaina da na ɗauko ta saura kaɗan..."

"Saura kaɗan me?"

Ya matso.

"Faɗi mana. Kana nufin ƙanena, da ya yi shekara arba'in yana gyaran motocin garin nan, bai san inda hayaƙi ke bi ba? Shi ya kashe kansa da hannunsa, haka kake so a je a gaya wa matarsa tana cikin takaba?"

"Ban ce haka ba, Alhaji. Kwanansa ne ya ƙare."

"To alhamdu lillahi, ka san wannan. Ko kuwa so kake a ce motar ta lalace, ta faɗo hannunka a banza? Mun ga irin haka a kotu ba sau ɗaya ba."

Mutanen da suka zo gaisuwa suna zaune a tabarma, duk sun juyo. Malam Haruna yana tsaye a bakin zaure, kansa a ƙasa, ba zai iya musu da wan mahaifinsa a gaban jama'a ba. Alhaji ba mugun mutum ba ne. Haƙƙin marayu yake karewa, kuma a kan ƙa'idarsa yana da gaskiya.

"Mayar da komai yadda mamacin ya bari," ya ce. "Idan an raba, wanda ta faɗa wa ya ga dama ya huda ta ko'ina."

Ya sa aka kawo masa kujera ya zauna. A gabansa na mayar da bututun, na ɗaure notinsa biyu. Na ɗauki gwangwanin na rataye shi da wayarsa a inda yake. Abu ɗaya na yi da bai gani ba: na yanki tsohuwar robar tayar keke na cusa a ramin sitiyari da sukudireba. Na san zafin inji zai cinye ta, ba za ta wuce wata biyu ko uku ba. Na ce a raina ai kafin nan an raba, kuma Malam Haruna zai karɓe ta.

Bayan arba'in da 'yan kwanaki na sami labarin an kawo wata sabuwar mota da ta kife a Kaduna, mai irin tiyon da nake nema. Na bi motar safe na je na yanko shi, na dawo bayan la'asar, na zarce gidan Baba da shi a aljihun riga. Rumfar babu kowa, babu komai, sai tabon mai a ƙasa.

Malam Haruna ya fito. Ya ce yana makaranta aka yi. Mota ba ta rabuwa tsakanin mutum tara, Alhaji ya ce a sayar a raba abin da aka samu, dillali ya kawo mai saye da hantsi, kafin azahar sun tafi da ita. Ya ce ya yi niyyar aiko mini tun jiya, bai zaci abin zai yi sauri haka ba.

Na sami dillalin a bakin tasha yana cin gyaɗa.

"Wa ya sayi motar Baba Ladan?"

"Wani bawan Allah ne daga ƙauye. Ka makara, Isiyaku, da kana so ai da ka yi magana."

"Wane ƙauye?"

"Oho. Ya dai ce zai riƙa ɗaukar mata da 'yan kasuwa ranar kasuwa. Na ce masa mutum takwas za ta ɗauka ba ta ji ba."

"Ka gaya masa kada ya rufe gilashi idan tana tsaye?"

Ya daina tauna.

"In gaya masa me? In ce ga motar da aka ciro gawa a ciki? Kai wa zai saya? Har gwangwanin nan na nuna masa, na ce dabarar babban bakanike ce, ya ji daɗi."

Na je ofishin lasin, takardun suna nan da sunan Baba, mutumin bai zo ya canja ba. Na ba direbobin tasha lambarta. Sauran daminar nan da wadda ta biyo, duk ranar da na samu sarari sai in rufe gareji in bi kasuwanni, Giwa, Makarfi, Soba, in tsaya inda motoci ke sauke mutane ina duba baƙaƙe masu dogon gaba. Sau biyu aka ce an ga irinta, na je na tarar ba ita ba ce. Duk tsohuwar motar da na samu da bututu a yanke ko a toshe, na roƙi mai ita ya bar ni in haɗa mata tiyo. Wasu sun yarda, wasu sun ce in bar musu abinsu yadda suka saba.

Yanzu na san ta daɗe da komawa hannun masu sayen ƙarfe. Amma ban san damina nawa ta yi a hanya ba, ban san su wa ta ɗauka ba, ban kuma san ko wani ya taɓa tsayawa da ita jiran ruwa ya ɗauke ba. Aikin da na fara mata, ban gama shi ba.